Daddawar Goggo Hajara a Filin Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren Usmanu ɗan Baba Harisu mai tsire ba, ko da kuwa na so in manta, domin mutanen unguwarmu ta gefen Kudai sun ɗauki alkawarin tuna mini har ranar da za a kai ni makwancina. Jikokina ma, waɗanda Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba, sun san labarin, da Larabci suke tsokanata da shi. To tunda kowa yana ba da shi yadda ya ga dama, yana ƙara masa gishiri, gara in faɗe shi da bakina. (Ba don nawa ya fi daɗin ji ba. Nawa ma ya fi muni, don ni na san abin da ke cikin kaina a lokacin.)

A Makka aka haife ni. Iyayena Kanawa ne da suka taho aikin Hajji a ƙasa, suka yi shekaru a hanya, da suka iso kuma suka ga ba su da sauran ƙafar komawa. 'Yan shekaru bayan yaƙin Turawa na biyu, ina saurayi, na tafi Jidda neman aiki, Allah ya haɗa ni da wani Bature mai gyaran injunan sanyi a tashar jiragen ruwa. Mutumin Kanada ne, dogo, ja, kullum sharkaf da gumi. Hawaja kawai muke ce masa, yadda ake kiran kowane Bature a can. Ni nake riƙe masa sufana, in miƙo guduma, in dafa shayi. Larabcinsa gurgu ne, Turancina kuwa babu shi, saboda haka rabin hirarmu da hannu muke yi.

Ranar farko da na shiga ɗakinsa na ga wani abu baƙi, zagayayye, mai faɗin tafin hannu, ya danne takardu da shi a kan tebur. Raina ya yi fari tas. Na ce a zuci, ashe Turawa ma sun san daddawa. Da ya juya baya na ɗauka na shinshina. Roba ce. Ya waiwayo ya kama ni da ita a hanci, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ya dagula mini rayuwa.

Wai a ƙasarsu ruwa yakan daskare ya zama fili guda, faɗinsa ya fi harabar masallacin unguwarmu. Wai ƙattin maza su sa takalma masu ƙarfe a ƙasa, su riƙe sanduna masu lanƙwasa, su yi ta korar wannan baƙar robar har su jefa ta a raga. Sunan wasan hoki. Kuma ba wasan yara ba ne, sana'a ce, biyansu ake yi, da ita suke ciyar da iyali. Garinsu yana da ƙungiya, shi kuma tun yana ƙarami yake bayanta.

Ga inda matsalar take: ƙungiyar nan ba ta cin wasa. Jaridun garinsu sukan iso masa ta jirgin ruwa a ɗaure, bayan labarin da ke ciki ya daɗe da tsufa, amma haka zai riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana dafe kai sai ka ce yanzu aka yi rasuwar. Ya nuna mini hoto ya ce, "Shuf! Shuf hada!", wato dubi wannan. Ni kuwa in duba, in ga mutum a kwance a bakin raga, in girgiza kai in ce, "La haula." Da haka da haka na faɗa ciki. Ban san launin rigarsu ba, don hoton jarida baƙi da fari ne. Sunan garin har yau bakina bai iya faɗinsa ba. Amma laifuffukansu na haddace su tsaf. Ban taɓa jin Hawaja ya faɗi alherinsu ko sau ɗaya ba, sai na ɗauka haka ake son ƙungiya: ka tashi da safe ka zage ta, ka wuni kana kewarta.

Da aikinsa ya ƙare ya koma ƙasarsu, ni kuma na dawo Makka na samu aiki a gidan ƙanƙara da ke wajen Zahir, inda ake daskarar da ruwa gumagumai a kai wa masu sayar da ruwan sanyi, in Hajji ya zo kuma a kai Arfa. Abin da na dawo da shi daga Jidda bai wuce 'yan hotunan jarida ba, sai baƙin cikin da ba nawa ba.

Kowace la'asar in an tashi aiki sai in nufi gidan shayin unguwa, wanda mu a nan muke ce wa gahawa, in hau dogon benci in buɗe majalisa. Ku ji irin karatun da nake yi wa bayin Allah da ba su taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce girman akwati ba:

"Matsalarmu ta farko," in ce (ku lura da "mu" ɗin nan), "gola ce. Mutumin nan da ya ga an nufo shi sai ya zube ƙasa, ya bar saman raga a buɗe, ko raƙumi zai shiga. Namiji ya tsaya da ƙafarsa mana! Sannan 'yan bayanmu sun yi nauyi, kafin su juyo an wuce su an dawo. Na gaba kuwa kowa so yake a ce shi ya ci, ba mai miƙa wa ɗan'uwansa. Wasan kashi uku ne, to mu numfashin kashi biyu gare mu, a na ukun sai ka ga harshe a waje. Ga zuciya! Ɗan abu kaɗan sai dambe, alƙalin wasa ya kama mutum ya kulle shi a wani akurki a gefen fili, a bar mu babu ɗaya. In kuma na abokan gaba aka kulle, mu muka fi yawa, sai mu rasa yadda za mu yi da yawan namu, mu yi ta zagaye har a sako shi."

Mutane su ci gaba da kurɓar shayi. Wani ya ce, "Allah ya kyauta." Wani tsoho ya taɓa tambayata ko 'yan'uwana ne, in ba haka ba me ya sa jijiyar wuyana take tashi. Sabon labari ba ya zuwa tunda Hawaja ya tafi, saboda haka wasannin da aka riga aka cinye mu su nake ta maimaitawa, kuma duk maimaici sai na ga kamar an ƙara mana ɗaya a raga. Har wurin malaminmu na karatu na taɓa zuwa neman a sa gola a addu'a. Ya ce, "Musulmi ne?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ban sani ba, amma yana cikin wani hali."

Babban mai zuga ni shi ne Idi direba, wani Bahaushe da iyayensa suka shigo ta Sudan, mai jan motar mahajjata tsakanin Makka da Arfa. Kullum sai ya ce, "Mai Ƙanƙara, yau ya golanmu ya kwana?" Ni kuma, da yake ba na gane tsokana in an naɗe ta a cikin tambaya, sai in gyara zama in faro daga farko.

Duk wannan da sauƙi da a ce ba na neman aure. To ina nema. Ramlatu ce, 'yar Baba Harisu, ƙawar ƙanwata tun suna makarantar allo. Tun da ta girma ban sake yi mata kallon tsaf ba, amma nakan ji dariyarta ta bayan labule in ta zo gidanmu, kuma ƙanwata ta tabbatar mini cewa in aka ambaci sunana ba ta tashi ta bar ɗakin. A zamaninmu wannan ya isa. Ina sonta ƙwarai, kuma hankalina ba a kwance yake ba, don akwai wani mai shagon yadi a Zahir da shi ma ya aika.

Kawuna ya je ya taɓa Baba Harisu da maganar. Baba Harisu gajere ne mai farin gemu, marar yawan magana, ba ya rabuwa da sandarsa mai lanƙwasasshen kai. Kawu ya dawo ya zaunar da ni ya maimaita mini amsarsa kalma-kalma: "Yaron ba shi da laifi, yana salla, yana da sana'a. Amma na zauna a gahawa na ji shi. Mutumin da yake wuni yana tona aibin mutanen da bai taɓa gani ba, me zai yi wa wadda zai riƙa gani kullum? 'Yata takan ƙona tuwo wani lokaci. Ba na son in ji labarin a gahawa." Ya ce a ba shi lokaci, bayan bikin ɗansa Usmanu zai yanke magana.

Mai hankali in ya ji haka zai ɗinke bakinsa. Na kuwa ɗinke. Kwana da kwanaki Idi yana tambayata golanmu, ina cewa lafiyarsa ƙalau. Har na yi wata dabara: na roƙi maigidana a gidan ƙanƙara ya ba ni manyan gumagumai biyu in kai gudummawar biki. Lokacin zafi ne, irin zafin Makka da kake jin duwatsu suna huci. A wancan zamanin ka kai wa mutum ƙanƙara ranar biki ya fi ka kai masa rago. Na ɗoro su a amalanke, an lulluɓe su da buhu da garin katako, na shiga unguwa ina tafe a gaba sai ka ce ni ne angon.

Gidan Baba Harisu a jikin tudu yake, kamar yawancin gidajenmu, tsakar gidan a gangare, an shafe ta da sabon siminti saboda biki. Maza suna sama a inuwar rumfa. Can ƙasa, a ƙarshen gangaren, an ɗaura babban labule, bayansa mata ne da tukwane. A gefe an kafa wata ƙatuwar randa cike da subiya, farin abin shan nan mai zaƙi na mutanen Makka, tana jiran ƙanƙarata. Baba Harisu ya ɗaga buhu ya duba, ya dube ni, ya ce, "Allah ya yi albarka, ya waladi," wato ɗana. Wallahi ji na yi kamar an riga an shafa fatiha.

Aka yi azahar aka dawo, ana jiran abinci. Ban fasa ƙanƙarar ba, na ce sai an kusa ci, kada ta narke a banza. Ina zaune na natsu, na lanƙwashe ƙafa irin na surukan kirki, sai Idi ya gyara murya yadda kowa zai ji.

"Ya jama'a, ni fa na yi wani tunani. Golan nan da Mai Ƙanƙara yake zagi, ina ganin ba shi da laifi. Wataƙila tsayuwa a kan ƙanƙarar ce take da wuya."

Na yi kamar ban ji ba. Na kalli rumfa. Na yi salati a zuci.

"Don ni dai," ya ci gaba, "ban taɓa ganin wanda ya tsaya a kanta ba. Har shi Mai Ƙanƙarar."

Nan fa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Kullum ina cikin ƙanƙara, ina janta da ƙugiya, ina saɓa ta a kafaɗa, amma ban taɓa taka ta ba. A Makka ƙanƙara abin sha ce, wa zai sa ƙafa a abin da za a sha? Kuma duk sanin da na yi wa wasan daga hoto ne, a hoto kuwa kowa a tsaye yake cak, ba mai motsi. Ni a tunanina ƙarfen da ke ƙasan takalminsu don ya kama ƙanƙarar ne, ya kafe mutum kamar ƙusa. Shi ya sa faɗuwar golanmu take ba ni haushi: an ba ka takalmin da ba ya zamewa, kana faɗuwa, in ba lalaci ba mene ne? (Hawaja ya sha yi mini nuni, ya zuge tafin hannunsa a kan tebur yana cewa fuuu. Na ɗauka robar yake nufi.)

"Idi," na ce, muryata ta fito da ƙarfin da ban aike ta da shi ba, "babu wuya ko ɗaya. Lalaci ne. Yaye buhunan nan in nuna maka."

Daga nan abin da ya biyo baya kamar wani ne yake yi ina kallo. Na jera gumaguman biyu manne da juna a saman gangaren. Na aro takalman katako na banɗaki, masu ƙarar nan ƙwas-ƙwas. Na nemi wuƙaƙe biyu in ɗaura a ƙasansu, mai yankan naman biki ya dube ni ya mayar da wuƙaƙensa bayansa, sai na haƙura da tsinkunan ƙarfe na gasa tsire, na ɗaɗɗaure su da igiya. Wani ya ce ina ragar? Na ce a ɗauka ga ta can a bayana, na nuna labulen mata ba tare da na kalli abin da nake nunawa ba.

Saura sanda. Baba Harisu ya zagaya duba wutar nama, ya jingine tasa a jikin bango. Na ɗauka na juya ta, kan ya koma ƙasa. Ta yi daidai da ta hoto, har na ji wani alfahari ya taso mini.

Saura robar. Na waiga nan, na waiga can, sai idona ya sauka a kan wani faifai a bakin labule. A kansa ga ta nan, baƙa, zagayayya, mai faɗin tafin hannu. Daddawa.

Dole in tsaya nan in yi wa 'yan yau bayani. Yanzu daddawa ba ta da wuyar samu a unguwannin Hausawa. A lokacin kuwa sai wani alhaji ya ƙullo ta a ƙasan jakarsa tun daga Kano, ya ratso Chadi da Sudan da teku, ya hana kansa ita a hanya, sannan ta iso. Tsofaffinmu sukan gutsuri 'yar mitsitsiya su sa a miya, su lumshe ido suna ci, wasu har su yi ƙwalla, don ƙamshin gida ne da suka san ba za su sake gani ba. Wannan guda ɗayar ta Goggo Hajara ce, matar Baba Harisu, uwar ango, uwar Ramlatu. Tun Hajjin bara take ɓoyonta a ƙasan akwati, don miyar kukar da za a yi wa dattawa ranar auren ɗanta. Ta fito da ita ne ta sha iska kafin a daka. Duk na san wannan. Na ce a raina aro ne, yanzu zan mayar.

Na miƙa wa Idi. "Tsaya can sama ka turo ta da ƙarfi. Yau za ka ga yadda gola na gaske yake yi."

Mutum biyu suka riƙe ni na hau. Rana ta riga ta fara lasar ƙanƙarar, samanta yana sheƙi. Ƙafa ɗaya a kan wannan gungume, ɗaya a kan wancan. Na ce su sake ni, suka saki. Kuma na tsaya! Wannan nake so a sani, don masu ba da labarin tsallake shi suke yi: na tsaya. Na buɗe ƙafa, na ranƙwafa, na dasa sandar surukin da nake fata a gabana, na dubi jama'a.

"Kun gani? Ina wuyar take? Gola ba ya zubewa. Gola tsayawa yake yi kamar..."

Har yau ban san kamar me zan ce ba. Daidai lokacin Baba Harisu ya dawo yana neman sandarsa, daidai lokacin kuma Idi ya turo daddawar.

Na ɗaga sanda. Ƙafata ta dama ta kama hanyar Jidda, ta hagu ta nufi Arfa, gumaguman suka rabu kowanne da tasa ƙafar. Na ji wandona ya yi wata doguwar magana daga gaba har baya. Sandar kuwa, da nake ta wulwulawa ina neman abin kamawa a iska, ta sami daddawar a tsakiya, ƙwal! Bugun da duk 'yan gabanmu ba su taɓa yin irinsa ba. Ta tashi sama, ta wuce ta kan rawanin liman, kowa ya bi ta da ido, ta faɗa tsundum a cikin randar subiya.

Ni kuma na faɗo ruf da ciki a kan gungume ɗaya na rungume shi, shi kuwa sai ya tuna cewa gidan a gangare yake. Fuuu. A wannan lokacin ne, ina tafe a kan cikina, iska tana shiga ta inda wandona ya buɗe, na gane abin da Hawaja yake nufi da tafin hannunsa. Ashe sulɓi suke yi. Ashe gudu ne. Ashe duk tsawon lokacin nan bawan Allah nake zagi a kan abin da ban sani ba.

Na ratsa tsakar gidan, na watsar da butocin alwala, na shige labulen mata da ka, labulen ya tsinko ya biyo ni. Da na tsaya na yaye shi daga fuskata, ga ni a gaban murhu a tsakiyar mata, takalmin banɗaki ɗaya a ƙafa, sandar maigida a hannu. Ihu ya tashi, kowa na jan mayafi. Mace ɗaya ce ba ta yi ihu ba, tana tsugune ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa, na kuwa san dariyar nan ko a toshe. A kaina kuma Goggo Hajara ce tsaye, muciya a hannu ɗaya, faifai a ɗayan, babu komai a kansa.

Daga can sama na jiyo muryar Idi, Allah ya yafe masa don ni na daɗe ban yafe ba: "Ya shiga! Golan da kansa ya shiga raga!"

Goggo Hajara ba ta maka mini muciyar ba. Da ta maka da ya fi sauƙi. Dubana ta yi ta ce a hankali, "Ɗan nan, ina daddawata?"

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma sabon siminti ne.

An tsamo daddawar daga randa ta jiƙe ta dagargaje. Subiya ta koma wani abu marar suna, zaƙi a gaba, warin daddawa a baya. Wani Balarabe maƙwabci da ya iso a makare ya ɗiba ya kurɓa, ya ce, "Esh hada?", wato mene ne wannan, ya fita bai dawo ba. Ƙanƙarar da na taka da takalmin banɗaki ba mai sha, aka bar ta ta narke ta bi gangare. Dattawa suka ci tuwo da miyar kuka lami, suka kora da ruwan ɗumi. Na sulale ta ƙofar baya ɗaure da buhu a ƙugu. Sandar ma aikawa na yi da ita daga baya.

Na yi kwanaki ba na zuwa gahawa, daga gida sai wurin aiki, shi ma ta lungu. Abinci ba ya shiga. Ba ciwon ƙugu ne ya dame ni ba, ko da yake shi ma ya yi nasa. Abin da ya dame ni shi ne na san na rasa Ramlatu, kuma da hannuna, a gaban ubanta da uwarta da limamin unguwa. Ƙanwata ta daina yi mini magana sai harara. Na kuma ji an ce mai shagon yadi ya sake aikawa.

Sai ga saƙo, wai Baba Harisu yana nemana a wurin tsirensa bayan la'asar. Na tafi na same shi yana jera nama (na kau da kai daga tsinkunan), na durƙusa na gaishe shi, na fara ba da haƙuri. Ya ɗaga hannu.

"Halas, wannan ya wuce. Tambaya ɗaya zan yi maka. Yanzu dai ka rabu da su ko?"

"Su wa, Baba?"

"Ragwayen nan naka na ƙasar sanyi. Ba sa ci, ba su san kana duniya ba, ga shi sun jawo maka abin kunya. Ai akwai masu cinye su kullum. In dole sai ka bi wasu, ka koma bayan masu ci mana."

Amsar da ta dace a bakina take, da ita na baro gida: na rabu da su, Baba, na tuba. Amma kalmar "ragwaye" ta tsaya mini a rai. Na ji jijiyar wuyan nan tana tashi, ina ji ina gani.

"Baba, ka yi haƙuri, amma ba ragwaye ba ne."

Ya dakata da tsinke a hannu.

"Baba, ka taɓa tsayawa a kan ƙanƙara? Ni na tsaya. Golan nan da yake faɗuwa, wallahi jarumi ne. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, ana jifansa da abu mai taurin dutse, gobe kuma ya dawo. 'Yan baya sun yi nauyi, gaskiya ne, har gobe zan faɗa. Na gaba suna da son kai. Amma in bar su in koma wa masu ci? Abadan! Namu ne, Baba. In na tafi, wa ya rage musu a duk ƙasar Hijaz?"

Da na rufe baki na gane na ƙarasa kashe kaina. Na sunkuyar da kai ina jira a ce in tashi in ba da wuri.

Baba Harisu ya juya naman da ke kan wuta, ya barbaɗa ƙuli da yaji. Sannan ya yi magana, sai ka ce da naman yake: "Mutanen da bai taɓa gani ba. Ba su taɓa faranta masa ba ko sau ɗaya. Sun yaga masa wando a gaban jama'a. Kuma ya ƙi barinsu." Ya zaro tsinke ɗaya ya miƙo mini. "Ka ce wa kawunka ya zo. Amma maganar tuwo, in ya ƙone, a gida za ta tsaya."

"A gida, Baba."

"Sannan uwarta tana da sharaɗi."

Sharaɗin Goggo Hajara kun riga kun canka. Ba za a ɗaura aure ba sai na mayar da abin da na ara, wato sai mahajjata sun sake zuwa. Hajjin waccan shekarar ina rabon ƙanƙara a Arfa, bayin Allah sun ɗaga hannu suna kuka suna roƙon gafara, ni kuwa ina bin tantunan Kanawa ɗaya bayan ɗaya ina sallama ina cewa, "Alhaji, don Allah ko an taho da daddawa?" Wani ya ɗauka zafi ne ya taɓa mini kai, ya zuba mini ruwa. A ƙarshe wata tsohuwa ce ta sa na ba ta labarin tun daga farko, ta yi dariya har ta koma istigfari, sannan ta kwance ƙullinta ta ba ni. Na kai wa Goggo Hajara a kan faifai, da hannu biyu, ina taka ƙasa a hankali.

Ni da Ramlatu mun tsufa tare. Ta ƙona tuwo ba adadi, ba a taɓa ji a gahawa ba (sai yanzu, nan kuma ba gahawa ba ce). Amma ta ji yadda aka yi ubanta ya yarda, kuma ba ta yafe mana ba, ni da shi. Duk ranar da muka saɓa sai ta ce, "Ai dole ka haƙura da ni, Malam, tunda a layin marasa cin wasa aka sa ni." Daddawa kuwa har yau a kulle take ajiye ta, makullin a ɗaure a bakin mayafinta, alhali yanzu ko daga tabarma ba na iya tashi sai an riƙe ni.

Ƙungiyar tamu ban sake jin ɗuriyarta ba. Ban sani ba ko ta gyaru daga baya, ko ta watse. Jikana ya ce in na tuno sunan garin zai nemo mini a wayarsa, na ce ya bar shi, don in na tarar sun koma cin wasa ban san yadda zan yi da su ba. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka buɗe baki a kan mutumin da ya faɗi, je ka taka inda ya taka. In za ka je kuma, ka sa wando mai ƙwari, ka bar daddawar surukarka a kan faifanta.

Amma 'yan bayan nan, tsakani da Allah, sun yi nauyi.